Shaidar Da Na Hana Bashari Dalhatu

Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Ranar Litinin, 21 ga Muharram 1408, daidai da 14 ga Satumba 1987, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Injiniya Bashari Dalhatu Gumel a nan Riyad, yana da shekara arba'in da huɗu. Ya yanke jiki ya faɗi a falon gidansa da ke Nasiriya yana cikin ɗaure kwalaye, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Likita ya ce zuciya ce. Saura kwana shida jirginsa ya tashi zuwa Kano. Bayan la'asar muka yi masa salla muka kai shi makwancinsa. Mu 'yan gida da muka tsaya a bakin kabarin ba mu cika ashirin ba, alhali ƙungiyar da ya kafa da guminsa tana da mutum ɗari da arba'in da uku. Ni ne sakatarenta, shi ya sa na sani.

Yaya Bashari, na daɗe ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Da yabonka kaɗai zan yi, da tuni na gama. Amma yabon da ba a faɗi abin da aka yi maka a cikinsa ba wani sabon cin amana ne, kuma ka sha isasshe.

A filin jirgin sama na Sarki Khalid na fara ganinka, farkon 1984. Na sauka da takardar aikin harhaɗa magunguna a wani asibiti, wanda aka ce zai tarye ni bai zo ba, Larabcina kuwa bai wuce na salla ba. Awa uku ina zaune kan akwatina. Kai ka kawo wani abokin aikinka ne zai tashi, ka hangi hulata, ka zo ka tsaya a kaina ka ce, “Malam, daga ina?” Ina jin Hausa sai da idona ya kawo ruwa. Ka ɗauki akwatin da kanka, ka kai ni gidanka, Hajiya Balki ta tuƙa tuwo da miyar kuka. Kwana huɗu na yi a ɗakin baƙinka. Kai ka fahimtar da ni mene ne igama, takardar zaman da ran baƙo yake rataye a jikinta, da kuma kafil, wanda ya ɗauko ka aiki kuma yake iya mayar da kai ranar da ya ga dama. Tun daga ranar nake ce maka Yaya, kai kuma kake ce mini ƙanena.

Aikinka shi ne kula da manyan farantan nan da ke karɓar saƙo daga tauraron ɗan Adam, a wani kamfanin sadarwa. Amma abin bai tsaya maka a wurin aiki ba. Shekarar da na zo, fari ya yi ɓarna a gida. Wata Juma'a ka shimfiɗa mini hotuna biyu a kan darduma, duka na Tafkin Chadi, an ɗauko su daga sama, shekara goma a tsakaninsu. A na farko ruwa ya cika ido, a na biyu sai ɗan abin da ya rage a gefe. Ka ba ni labarin mahaifinka, wanda shanunsa arba'in suka mutu a farin 1973 domin ya kora su gabas alhali ciyawa tana kudu. Ka ce a lokacin ma akwai waɗanda suke kallon ƙasarmu daga sama, sun san inda kore yake, amma babu namu ko ɗaya a cikinsu da zai aiko wa tsoho labari. Wannan ne ya hana ka sukuni har ka bar duniya.

A watan Yuni na 1985, da wani ɗan ƙasar nan ya shiga kumbo ya je sararin samaniya ya dawo, Riyad duk maganar da ake yi ke nan, a kanti, a tasi, a ƙofar masallaci. Ka ce mini in ba mu yi magana yanzu da kunnen mutane yake buɗe ba, ba za mu ƙara samun irin wannan dama ba. Ka tara mu mutum goma sha ɗaya a falonka bayan sallar Juma'a, aka kafa Gidauniyar Ilmin Sararin Samaniya. Abin da kake so bai da yawa a baki. A ɗauki nauyin ɗalibai daga gida su karanta wannan fanni, sannan a tara sa hannun jama'a a kai wa hukuma a Najeriya, a roƙe ta ta ware wa binciken sama wani kaso a kasafinta, ko yaya ƙanƙantarsa. Aka ce kai za ka shugabance mu, ka ƙi. Ka ce a ba Alhaji Salmanu, babban dillalin kayan gwari a kasuwar Aziziya, domin shi jama'a suka sani kuma shi suke jin maganarsa. Da yake ba mu da ikon buɗe asusu da sunan ƙungiya, a hannunsa aka ajiye abin da ake tarawa. Kai ka kawo wannan shawara, kuma babu wanda ya ga aibinta.

Daga nan ba ka ƙara sanin hutun Alhamis da ake yi a ƙasar nan ba. Ba gidajen likitoci da injiniyoyi kaɗai ka bi ba. Ka shiga Aziziya tsakanin kwandunan tumatir, ka je masaukin leburori a bayan gari inda mutum takwas suke kwana ɗaki ɗaya. Kullum da lemo a aljihunka da dabino guda. Lemon ne duniya, dabinon ne tauraron ɗan Adam, kana zagaya wannan da wancan kana bayani da Hausar da kowa zai gane. An yi maka dariya ba kaɗan ba. Wasu suka sa maka suna Sarkin Sama, kai kuma kana amsawa.

Ina nan ranar da Harouna ya tare ka. Dattijo ne mutumin Damagaram, direban tankar ruwa, ba ya karatun boko ko kaɗan. Ya bari ka gama sannan ya ce, “Injiniya, ni ƙauyenmu yau ko gero babu. Ka ce in ɗauki riyal goma in jefa sama?”

Ba ka yi fushi ba. Ka tambaye shi, da wani zai gaya wa mutanen ƙauyensu tun watan uku cewa damina za ta yi gardama, su shuka mai saurin nuna, nawa wannan labari zai kai a wurinsu? Ya ce zai kai rai. Ka ce to mai kawo wannan labarin muke so mu koyar. Bai bayar da komai ba a ranar. Alhamis ta gaba ka kwashe mu zuwa bayan gari, bayan magariba ka kafa madubin hangen nesanka, wanda ka saya da albashinka, ka ce Harouna ya fara dubawa. Ya daɗe da ido a jiki yana kallon ramuka da duwatsun wata. Da ya ɗago sai ya ce, “Tsarki ya tabbata ga Allah. Shekara sittin ina ganinsa, ashe ban taɓa ganinsa ba.” Daga watan nan bai taɓa fashin kawo nasa ba.

Da kumbon Amurka ya tarwatse a Janairun 1986, mutum bakwai suka mutu, na ce maganarmu ta ƙare. Mutane suka riƙa tare ka suna cewa ga abin da kake kira mu gare shi. Ka yi wa mamatan juyayi, ka ce jirgin ruwa ma ya sha nutsewa kuma ba a daina zuwa Jidda ta teku ba, ka ci gaba da yawonka. Kafin ƙarshen shekarar, ɗalibai biyu sun fara karatu da tallafin gidauniya, takardar koke kuma ta tara sa hannu sama da ɗari shida, rabinsu dangwalen yatsa ne. Kana riƙe ta cikin leda kamar takardar gado.

A watan Yulin bana abin ya lalace. An fara maganar zaɓen ƙananan hukumomi a gida, Alhaji Salmanu kuma ya sa ran tsayawa. Ya zo taro ya ce ya yi tunani, sama ba za ta gudu ba, amma yunwa tana kashe mutane yau, saboda haka a juya abin da aka tara a sayi hatsi a raba a garinsu. Maganar ba ta da muni a kunne, kai ma ka faɗi haka. Ka ce ciyar da mai jin yunwa ya fi abin da muke yi lada, kuma in za a buɗe wata gidauniya ta hatsi kai ne na farko da za ka bayar. Amma wannan, ka ce, mutane sun bayar ne da wata niyya da muka faɗa musu da bakinmu, babu mai ikon sauya ta sai an koma an tambaye su ɗaya ɗaya. Aka ɗaga hannu, mafi yawa suka bi ka. Alhaji ya yi dariya, ya rungume ka, ya ce gaskiya ce ta yi halinta. Ya ci abincin gidanka a ranar kafin ya tafi.

Mako uku bayan haka mudir na kamfaninku, wato shugaban ma'aikata, ya kira ka ofis. Wasiƙa ce ta zo masa da Larabci, babu sa hannu. An rubuta cewa kana yi wa leburori duba da taurari, kana gaya musu abin da zai same su, kana karɓar kuɗinsu. Duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san nauyin wannan zargi. Ba aikin mutum kaɗai yake ci ba. An haɗa wasiƙar da kwafin jerin sunayen 'yan ƙungiya, ka roƙa aka ba ka ka gani. Da ka nuna mini, nan take na gane shi. Kwafi uku ne kawai na buga: nawa, naka, da na shugaban ƙungiya, Alhaji Salmanu. A guda ɗaya ne na manta sunan wani na ƙara shi da jan biro a ƙasan shafi, kuma na san wanda na miƙa wa shi. Rubutun hannuna ne a ƙasan shafin da mudir ya ba ka. Na gaya maka, ka ce in yi shiru, ba mu gani da idonmu ba. Na yi shiru a lokacin. Yanzu na faɗi abin da na sani, ban ƙara ba, ban rage ba.

Mudir ɗin bai zalunce ka ba, wannan dole in faɗa. Ya san aikinka shekara shida. Ya ce ka kawo masa mutum uku masu matsayi daga cikin sunayen nan, su rubuta su sa hannu cewa ilmi kake koyarwa ba duba ba, shi kuma zai rufe maganar a cikin kamfani. Ya ba ka kwana goma.

Mutum uku, Yaya, daga cikin ɗari da arba'in da uku. Akwai likitoci tara a jerin nan, akwai injiniyoyi da malamai. Akwai wanda ka kwana biyu a asibiti da matarsa tana naƙuda shi yana wajen gari. Akwai wanda ka yi ta zirga-zirga har igamarsa da ta ɓace ta fito. Ka bi su gida gida cikin zafin Agusta. Wani ya ce ya yi tafiya alhali motarsa tana ƙofar gida. Wani ya ce shi sadaka ya ɗauka yake bayarwa, bai san ƙungiya ba ce. Wasu ni suka riƙa bugo wa waya, ba don su tambayi halin da kake ciki ba, sai don in soke sunansu daga littafi.

A rana ta takwas ka zo wurina. Ban manta ba, da la'asar ne, ka zauna a kujerar da ke kusa da ƙofa. Ka ce ka bar ni a ƙarshe ne domin ka san nawa hannun yana aljihunka, sauran biyun kake nema. Ka miƙo mini takardar. A lokacin saura wata ɗaya a sabunta kwantiragina, bizar matata kuma ta fito ke nan bayan shekara uku ina nema. Na karɓi takardar na karanta har sau biyu, ba don ban gane ba. Na ce, “Yaya, ka ba ni zuwa gobe in yi tunani.”

Ka dube ni, ba da daɗewa ba. Ka sa hannu ka karɓi takardarka ka ninke. Ka ce, “Ba komai, ƙanena. Na san kana da iyali.” Ka shanye shayinka, ka tambaye ni ƙafar mahaifiyata ko ta yi sauƙi, ka tafi. Gobe ta yi, ban neme ka ba, kai ma ba ka dawo ba.

Mutum ɗaya ne ya je. Harouna ya ajiye tankarsa, ya yi asarar aikin yini, ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya tsaya gaban mudir. Da guntun Larabcinsa na titi ya ce shi bai taɓa jin ka faɗi abin da zai faru gobe ba sai ka ce in Allah Ya so, kuma wata kawai ka nuna masa. Ya ce a kawo tawada ya dangwala. Mudir ya gode masa, ya ce ma'alesh, wato ya yi haƙuri, ba irin wannan shaidar ake nufi ba. Ranar da kwana goma suka cika aka soke kwantiraginka, aka buga maka bizar fita daga ƙasar ta dindindin.

Alhaji Salmanu kuwa a makon nan ya tashi zuwa gida, da abin da ke hannunsa. Labari ya iso mana cewa an raba hatsi a garinsu, da sunansa a jikin kowane buhu. Ina roƙon Allah Ya sa waɗanda suka ci sun ƙoshi, ba su da laifi. Ɗaliban nan biyu kuma, sai bayan rasuwarka Hajiya Balki ta gaya mini cewa motarka ka sayar ka aika musu na shekarar da za a shiga, ka rubuta musu cewa daga gidauniya ne. Shi ya sa a makonninka na ƙarshe ake ganinka a ƙafa. Ni na ɗauka kamfani ne ya karɓe ta.

Kunya ta hana ni zuwa gidanka har sai ana jibi za ka rasu. Na same ka cikin kwalaye, ka rame, amma ka tarye ni kamar babu abin da ya faru. Na buɗe baki zan ba ka haƙuri, ka ce in riƙe maka bakin igiya. Muka yi ta ɗauri. Ka ce in ka koma za ka nemi aikin koyarwa, ko a makarantar sakandare ce, ka fara daga can. Da zan tafi ka ɗauko takardar koke a ledarta ka ba ni. Ka ce sunan da aka ɓata bai kamata ya kai ta ba, za a ce ta mai duba ce. Ka ce, “Kai ne sakatare, hannun mutane ne a ciki, kada ka bari ya tafi a banza.” Mutumin da na hana sa hannu ɗaya, shi ya damƙa mini ɗari shida.

Ban ce wasiƙar ce ta kashe ka ba, ban ce mu ne ba. Kwana ne ya ƙare, kuma ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Amma na san da wace irin zuciya ka yi makonninka na ƙarshe, kuma na san waɗanda suka ɗora mata kayan.

Kwana uku na zaman makoki, falon nan ya cika. Waɗanda suka rufe maka ƙofa suka zo suka zauna, kowa yana ba da labarin kirkinka, wani har yana cewa ƙasarmu ta yi rashin da ba za a mayar ba. Ina cikinsu ina amsa gaisuwa. Alhaji ya aiko da wasiƙar ta'aziyya, ya kira ka ɗan'uwansa kuma abokin tafiyarsa. Aka miƙa wa Hajiya Balki ta bayan labule. Ta karanta har ƙarshe, ta mayar da ita cikin ambulan, ta ce a ba ɗan aiken ya koma da ita, ba nan gidan aka nufa ba. Harouna yana bakin ƙofa wajen takalma, shi ne kuma ya yi ta jigilar ruwa da abinci har aka watse.

Ranar da aka yi bakwai na rubuta shaidar. Na sa hannu, na sa lambar igamata, na kai wa mudir da kaina. Ya karanta, ya dube ni, ya tambaye ni ina nake a watan Agusta. Ya ce fayil ɗin an rufe, babu inda zai saka ta, ya miƙo mini. Tun da babu ofishin da zai karɓa, ga ta nan, duk wanda ya karanta ya zama shaida a kaina.

Ni, Jabiru Basiru Kazaure, na shaida cewa na san Bashari Dalhatu shekara uku da rabi, na zauna a kowane taro da ya kira. Bai taɓa yi wa kowa duba ba, bai taɓa da'awar sanin gaibu ba, bai taɓa cin ƙwandalar kowa ba. Ilmi ya koyar, domin yana so wata rana manomi da makiyayi a ƙasarmu su sami nasu mai duba musu hadari daga sama. Na san haka ranar da ya tambaye ni, kuma tsoro ne ya hana ni faɗa.

Takardar koken zan kai ta gida da hannuna a hutun da zan samu, kuma sunanka ne zai kasance a samanta, ko a karɓa ko a ƙi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Balki, wadda dole ta bar ƙasar nan cikin takaba domin zamanta a kan igamar mijinta yake, da 'ya'yansa Jamilatu da Jibrin, da mahaifiyarsa da ke Gumel, wadda aka gaya wa ranar saukarsa ta sa aka share masa ɗaki. Hajiya, na ci tuwon gidanki kafin in san kowa a garin nan. Ban cancanci in roƙe ki komai ba, amma ina roƙo ki yafe mini, in ba yanzu ba, ko wata rana.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Bashari, Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi. Ya rasu baƙo a ƙasar da ba tasa ba, Ka sa ya sauka a gidan da babu mai korarsa. Ka ba iyalinsa haƙuri, Ka raya abin da ya bari cikin kiyayewarKa. Ka saka wa Harouna da alheri. Mu kuma da muka san gaskiya muka kame bakinmu, Ka ba mu ikon tuba tun kafin ranar da za a tsayar da mu a gabansa. Amin.

Jabiru Basiru Kazaure
Riyad, Safar 1408